Na Bi Sawun Maryama Har Dakar

A tashar Yamai na fara faɗa wa mutane inda za ni. Waɗanda muka fito tare daga gida duk Abijan suka nufa, kamar yadda iyayenmu suka saba in an gama girbi, kuma har muka sauka daga motar Tawa suna tsammanin tare za mu wuce. Da na ɗauki jakata na ce ni Dakar za ni, sai suka tsaya suna dubana. Wani ɗan ƙanen babana ya ce, "Asumanu, wa ka sani Dakar?" Na ce akwai Kawu Nomau na Buza, mai gashin nama. Gaskiya ne akwai shi, amma ba shi ya ja ni can ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ibohamane, cikin Keita. Na yi lekol, wato makarantar boko, har aji shida, sannan na koma gona. A kakar da ta gabaci wadda na yi tafiya, matata Habsu ta haifi ɗiya, haihuwarmu ta fari. Na yi mata huɗuba, na raɗa mata suna Maryama a kunne, na bar bayyanawa sai ranar suna kamar yadda ake yi. Da farko lafiya lau take tsotso. Daga nan jikinta ya yi zafi, ta ƙi nono, ta saki jiki kamar tsumma, idanunta suka yi rawaya. Muka kai ta likita, wato asibiti, a Keita. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Saboda yadda ta saki gaɓoɓi, ya ɗebi ɗan kashinta a wata ƙaramar kwalba, ya rufe, ya sa cikin akwatin ƙanƙara. Na tambaye shi ina za a kai. Ya ce Yamai tukuna, daga can a wuce da shi wani babban ɗakin bincike a Dakar.

Maryama ta rasu ana gobe suna. Sunanta bai taɓa fita daga bakin liman ba. Ni da uwarta kaɗai ke kiranta da shi.

Bayan an share makoki tsofaffin mata suka taru a ɗakin Habsu. A wurinmu, in jariri ya ƙi nono ya mutu, nonon ake tuhuma. Akan tatsa a ludayi, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugu ne. Innata ce ta riƙe ludayin, don ita ce ungozomar unguwarmu, rabin matasan ƙauyen a hannunta suka faɗo. Tururuwar ta yi ta juyi, ta kasa kai bakin ludayin, ta tsaya. Ba wanda ya zagi Habsu. Inna ma rungume ta ta yi, ta ce haka Allah ya yi jikinta, ba ita ta yi kanta ba. Amma aka yanke magana: in ta sake haihuwa ba za ta shayar ba, madarar akuya za a ba abin da ta haifa. Ni kuwa na san ƴaƴan madarar akuya a ƙauyenmu, na san kuma inda aka kwantar da yawancinsu.

Habsu ba ta yi gardama ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta yarda ita ta kashe ɗiyarta. Na koma Keita na tambayi majo ko amsa ta zo. Ya ce an aiko cewa ba shan-inna ba ce, don ita aka nema tun farko, sauran bayani kuwa ba ya hannunsa. Da damina ta yi nisa Habsu ta samu wani ciki. Shi ya sa na ce in dai biɗa, wato cin rani, zan tafi bana, gara in tafi inda aka kai abin da ya saura na ɗiyata, in tambaya da bakina.

Mai sayar da biye, wato tikitin mota, a Yamai ya rantse mini motarsu ba ta sauke kowa sai Dakar. Muka bi ta Wagadugu, muka bi ta Bobo, ƙasa tana ƙara kore, itatuwa suna ƙara tsawo, har na daina gane sunayensu. A Bamako direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka, nan tafiyarsa ta ƙare. Na nuna biyena a wani ɗan ofis, mutumin ciki ya juya shi gaba da baya ya miƙo mini, ya ce bai san wanda ya sayar mini da shi ba. Fasinjoji suka yi ta hayaniya, daga baya kowa ya kama gabansa. Abin da ke aljihuna ba zai kai ni ba, sai na zauna a tashar ina dako, ina tara na gaba.

A gefen tashar akwai wata mata mai sayar da shinkafa, da goyo a bayanta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ni kuma ba na jin yarensu. Ta lura kullum ina zama kusa da tukunyarta ba na saye. Rannan ta kankaro ƙanzo ta zuba miya ta turo mini da ƙafa, kamar ba da gangan ba. Da na cinye na wanke kwanon, na haɗa da sauran kwanoninta na wanke. Haka muka ƙulla ciniki ba tare da kalma ɗaya ba.

Wata rana da tsakar rana motoci biyu suka shigo tare, masu saye suka yi mata yawa, yaron kuma yana ta tsala kuka a bayanta. Ta kwance goyon, ta waiga, ba kowa kusa sai ni. Ta ɗora mini shi a hannu ta koma kan tukunya. Tun Maryama ban ɗauki jariri ba, ko na ƴan'uwa in aka miƙo nakan sami abin da zan yi da hannuwana. Wannan ya fi ta nauyi sosai, jikinsa da ɗumi irin na lafiya. Ya dube ni, ya kama maɓallin rigata, ya yi shiru. Da ta gama sallamar mutane ta juyo za ta karɓe shi, sai ta ga fuskata. Ta tsaya. Ta koma ta zauna a kan kujerarta ta shiga goge cokula, ta bar mini shi har ya yi barci. Ban san sunanta ba har yau. Ranar da zan tashi ta ƙulle mini shinkafa a leda, ta nuna yamma da hannu, ta faɗi wata magana mai tsawo, na ce amin.

Daga Bamako zuwa Kayes zafi ne irin wanda ko mu mutanen duwatsu muka san da zamansa. A wani shinge aka sauke ni ni kaɗai, aka yi ta juya takarduna ana tambayar abin da zan je yi. Wani dattijo ɗan kasuwa da muke kujera ɗaya ya sauko, ya ce yaronsa ne ni, shi zai amsa. Da muka koma mota na yi masa godiya, ya ce in bari, ya gaji ne da jiran motar. Sai da muka yi nisa ya tambaye ni da Faransanci abin da ke kai ni da gaske. Na faɗa masa. Ya ce, "Wannan tafiyar mata ce ka ɗauka." Na ce matar ba za ta iya zuwa ba. Ya gyaɗa kai, ya raba goronsa biyu ya ba ni babban.

Kawu Nomau na same shi a rumfarsa, cikin hayaƙi, yana juya nama a kan waya. Ba ɗan'uwan Inna ba ne na jini, garinsu ɗaya ne kawai, amma tun ina yaro Kawu nake jin ana ce masa. A Dakar naman da mutanenmu ke gasawa suna ne da shi, har layi ake yi. Ya dube ni daga kai har ƙafa ya ce, "Kai ɗan Tsahara na? Ku ba Abijan ku ka zuwa ba? Mi ya kawo ka nan?"

Na ba shi labari. Ya gama yanka wa wani nama tukuna, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda.

"Ni ban san wurin ba," ya ce. "Ka yi aiki tukun, ka koyi hanya, ka sayi takalmi. Ba a zuwa ƙohwar manya da ƙurar mota a kai."

Na kama aiki. Ni ke yanka albasa, ni ke hura gawayi, ni ke wanke tire. Albasar wani lokaci irin tamu ce, ja mai ƙamshi, in na yanka ta sai in tuna fadamarmu da sanyin safiya. Aƙalla mai yankan albasa ba a tambayarsa dalilin hawaye. Ran Juma'a bayan masallaci nakan taka har bakin teku in tsaya. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙetare ba, kuma ban ji daɗinsa ba. Na fi son tudunmu, inda in ka hau kana ganin rumbunan kowa.

A kan wannan tudun ake samun rezon waya, don haka sai ranar kasuwa Habsu ke hawa da wayar ƙanena mu yi magana. Kullum takan ce lafiya lau, cikin yana motsi, gero bai ƙare ba. Rannan ta ƙara da cewa, "Inna ta sayi akuya."

Na ce, "Wace irin akuya?"

"Ja. Tana da ciki ita ma. An ce kusan tare mu ka haihuwa." Ta yi ƴar dariya. Da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

A kwanakin nan ne wani mutum ya fara zuwa rumfarmu da farar riga irin ta likitoci, da biro a aljihu. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya san ɗakin binciken da ake kawo kashin yara daga ƙasashe. Ya ce ai can yake aiki. Ya tambayi sunana da na garinmu, ya ce abu ne mai sauƙi, amma sai an bi a hankali. Daga ranar kullum yakan zo, in zaɓar masa tsoka mai kyau a cikin rabona, ya ci, ya ce an kusa, shugabansu ne ya yi tafiya. Har na faɗa wa Habsu na samu hanya. Sai rannan Kawu Nomau ya dawo daga sayen gawayi yana murmushi.

"Asumanu, na ga likitanka."

"Ina, Kawu?"

"Bayan kasuwa. Shina yi ma wani ƙato aski. Hannu gare shi, wallahi, ko ƙwarzane babu."

Masu aikin rumfar suka yi ta dariya, ni ma na yi, don abin dariya ne. Da suka watse Kawu ya zo ya tsaya kusa da ni yana gyara wuta. Ya ce ya tambayi wani direban taksi, ya kwatanta masa wurin. Ya ce gobe kada in zo aiki, in sa sabon takalmin.

Wurin katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, da wani tsoho mai gadi a kan benci. Na gaishe shi da Faransanci, ya ce ba a shiga sai da takardar izini, kuma nan ba asibiti ba ne. Na tsaya a bakin ƙofar. Sai na ji yana yi wa wani magana da Fulatanci. Nasu ya bambanta da na Fulanin da ke sauka a gonakinmu bayan girbi, amma na tsinci kalmomi. Na gaishe shi da ɗan abin da na iya, na tambayi lafiyar shanu. Ya yi dariya har da tari, ya ce rabonsa da saniya tun yana saurayi. Ya matsa mini a bencin, ya zuba mini shayi. Baba Jallo ake ce masa. Da guntun Fulatanci da guntun Faransanci na ba shi labarin Maryama, da ludayi, da akuya. Ya ce shi dai ba zai bar ni in shiga ba, aikinsa ke nan. Amma akwai wata ƴar ƙasarmu da ta zo koyon aiki, takan fito cin abinci da azahar, benci kuma ba na kowa ba ne.

Da azahar ta fito, doguwa, da tabarau, da kati rataye a wuya. Baba Jallo ya kira ta. Na tashi na gaishe ta.

Da ta ji karin harshena ta ce, "Kai Ba'adare ne."

Na ce, "Ƙaƙa kinka sani?"

"Ga shi ka sake faɗa mini." Ta yi dariya. Ta ce ita Zuwaira, daga Damagaram, rabonta da jin Hausa ba ta waya ba an daɗe. Ta zauna a bencin, ta fasa zuwa cin abincin. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sai da na zo kan tururuwa ta sunkuyar da kai, ta ce kakarta ma tana yi. Ta tambayi watan da abin ya faru, da likitar da aka ɗebi kashin, da yadda jikin yarinyar ya yi. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai ba, sai ta nemi izinin shugabarta, in dawo mako mai zuwa.

Na dawo. Aka ba ni kati na rataya, Baba Jallo ya buɗe mini ƙofa da kansa yana gyara mini wuyan riga. Ba ta kai ni inda ake aikin ba, ta gilashi kawai na hango mutane da safar hannu. Wani ƙaramin ofis muka shiga, ta kunna ordinata, wato kwamfuta.

Ta ce kwalaben da ake kawowa, in an duba ba a sami shan-inna ba, ba a zubar da maganar. Akwai dangin ƙwayar shan-innar, masu yawa, suna zama a hanjin mutum. Ta faɗi sunansu, anterobirus, na sa ta maimaita har na riƙe. Babba in sun kama shi, ɗan zazzaɓi ne ko mura ko zawo, ya warke bai ma san sunan abin ba. Jariri sabon haihuwa kuwa ba shi da abin kare kansa, sai su tafi hanta, ko zuciya, ko ƙwaƙwalwa. Ta ce kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, injinsu yana karanta shi. In ƙwayar tana yawo daga mutum zuwa mutum, rubutun yakan canza kaɗan kaɗan, don haka in an jera su ana gane wacce ta fito daga wacce.

Na ce, "Awa shaidar da a ka yi ma dabbobi a kunne. In ka ga tsagar ka san garken."

Ta ce, "Kusan haka. Mu bin sawu muke yi, mu ga inda ta bi, mu gaya wa likitocin can su shirya."

Sai ta buɗe wani hoto. Kamar gawo ne da damina, rassa ba ganye, an kwantar da shi a gefe. A ƙarshen kowane reshe akwai ɗigo. Ta bi wani reshe da bakin biro har ta kai wani ƙaramin gungu.

"Waɗannan duk na kaka ɗaya ne," ta ce. "Wannan daga ƙasar Madawa. Waɗannan Buza. Waɗannan Keita. Duk ƙananan yara, wasu sababbin haihuwa. Ƙwaya ɗaya ce, rubutunsu kusan ba bambanci."

Na matso da kujera. Na ce, "Wace ta tawa?"

"Ban sani ba, Malam Asumanu. Sunaye ba sa zuwa wurina, lamba ce kawai da yanki da wata. Amma in a watan da ka faɗa ne, kuma daga Keita, ina kyautata zaton tana cikin waɗannan." Ta zagaye wasu ƴan ɗigo da yatsa.

Na daɗe ina dubansu. Duk iri ɗaya ne, ba wanda ya fi wani girma. Na yi hanyar nan duka ina tsammanin za a nuna mini ita ita kaɗai, sai na same ta cikin ƴan'uwa. Ban san dalili ba, amma hakan ya sanyaya mini rai. Malama Zuwaira ta juya tana duban taga har na gama.

Na ce, "To nono hwa?"

Ta ce ba mugun nono ke kawo wannan ba. Uwayen yaran nan ba su san juna ba, ba rijiya ɗaya suke sha ba, ba zai yiwu nononsu duka ya lalace a wata guda ba. Ta ce ƙin tsotso alamar ciwon ce, ba sanadinsa ba, kuma abin da jariri ke samu na kariya, a nonon uwarsa yake samun mafi yawansa, tun ma ba na farkon nan mai kauri ba. In aka hana shi, an raba shi da garkuwarsa.

Na ce, "To ta ina ta shigo mata?"

Nan ta yi jinkiri. Ta ce ta hannu ne galibi. Hannun da ya wanke wa wani yaro kashi, ko ya share majina, sannan ya ɗauki jariri. Yana iya zama na ƴan barka, ko na mai karɓar haihuwa, ko na uba. Yana iya zama daga jikin uwa in ta yi zazzaɓi dab da haihuwa, ba da saninta ba. "Ba zan ce maka na san wanne ba ne," ta ce. "Ba wanda zai taɓa sani. Ciwo ne da ya ratsa gari duka, kowa ya taɓa shi." Ta ce in an haihu a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki yaro, mai mura ko zawo ya yi barka daga bakin ƙofa, in kuma jiki ya yi zafi ko ya ƙi tsotso a tafi likita a ranar.

Da zan fita na ce mata sunanta Maryama. Ta maimaita sunan a hankali. Ita ce ta uku da ta taɓa faɗarsa.

Ban jira ƙarshen rani ba. Kawu Nomau ya sallame ni da kilishi da sabulai cikin kwali, ya ce in gaida Tsahara, in ce mata har yanzu bai manta dukan da ta yi masa a bakin rijiya ba. Hanyar komawa ba ta ba ni wahala kamar ta zuwa ba. A Bamako na nemi mai shinkafa, na tarar da wata a wurinta.

Na isa gida hadari ya fara haɗuwa a gabas, Habsu ta yi nauyi. Ita na fara ba labari, a ɗaki, da rana, na zana mata itacen a ƙasa da yatsa. Ban ɓoye mata komai ba, har maganar zazzaɓin uwa. Ta dubi ɗigon da na dangwala ta ce, "Su ma uwayen ga an yi musu ludayi?" Na ce ban sani ba, mai yiwuwa. Sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar ludayi. Na bar ta ta yi.

Inna ta fi wuya. Na same ta tana sussukar gero, na zauna a kan wani turmi da ke kife, na faɗa mata. Ta ce ita tun ba a haife ni ba take aikin ungozoma. Na ce na sani. Ta ce to matar Dakar ta taɓa karɓar haihuwa? Na ce ban tambaye ta ba. Ta ci gaba da sussuka. Can ta ce a kakar da Maryama ta rasu ɗiyar wata ƴar ƙanwarta a Allakaye ma haka ta tafi, da rawayan ido, ita kuwa uwar ta shayar da huɗu kafin nan lafiya lau. Ta ce abin ya daɗe yana yi mata yawo a kai. Sannan ta ajiye taɓarya.

"Hannu, tac ce?"

"Hannun kowa, Inna. Har nawa. Ta ce ba a sani ba, kuma ba za a sani ba."

Ta buɗe tafukanta ta dube su. Na so in ƙara magana, na ga ba wurinta. Ta ɗauki taɓaryar ta ce in tashi daga kan turmi, ba kujera ba ne. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

Habsu ta haihu da hantsi, bayan ruwan shuka, namiji. Ina zaune a waje da maza, na ga Inna ta fito ta ɗauki sabulu a kwalin Kawu, ta wanke hannu har gwiwa, ta ajiye buta da sabulun a bakin ƙofa. Duk matar da ta zo sai ta nuna mata su da haɓa. Wata ta ce yaushe aka fara wannan, Inna ta ce yau. Har na fara jin sanyi, sai na ga an aiki wata ta kamo tururuwa, an shiga da ludayi. Na san tsofaffin ba za su bari a sa yaron a nono ba sai sun gani da idonsu. Na zauna ina duban ƙasa. Can na ji muryar Inna, ba ta ɗaga ta ba.

"Kun dai gani. Ta hita. A ba shi."

Sai da la'asar, da mata suka ragu, aka bar ni na shiga. Na wanke hannu a bakin ƙofa kamar kowa. Habsu tana jingine da bango, yaron a ƙirjinta, yana tsotso da ƙarfi har ana jin haɗiyarsa. Na yi masa huɗuba a haka, bai saki ba. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Tururuwar ba da kanta ta hita ba," ta ce. "Ta hwara juyi awa waccan. Inna ta zaro tsinke ga tsintsiya, wai za ta hidda wani datti, ta jingina shi cikin ludayin ta juya ma mata baya kaɗan. Ta kan tsinken tururuwar ta hau."

"Wa ya gani?"

"Ni ɗai."

Na ce, "Kin ga tsinken, kuma kinka ba shi?"

Ta gyara wa yaron kai a hannunta.

"Na ga tsinken," ta ce. "Amma na ga wadda ta sa shi."

Ban taɓa tambayar Inna ba, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na zauna a bakin gado ina sauraron haɗiyar yaron har aka kira magariba.